Akwatin Tsintau Ya Koma Ƙugu

Tun da nake, ban taɓa jin wanda ya ce ya haɗa ido da Tsintau a kan hanya ba. Kullum kansa a sunkuye yake. In kuka haɗu, da sanƙonsa za ka fara gaisawa, sai an kai wajen tambayar iyali sannan fuskar take ɗagowa. Ɗan gwaggona ne, ya ba ni shekara shida, amma in aka zo fagen baki ni ne yayansa, kuma ya sani. Shi ya sa yake ce mini Aku. Ni kuwa sunansa na gaskiya ko a takarda na gan shi sai na tsaya na yi tunanin wa ake nufi.

Gwaggo ta sha ba mu labari cewa ranar da ya fara rarrafe bai nufo ta ba, ƙarƙashin gado ya shige, ya fito da allurar da ta yi wata uku tana nema. Ni nakan ƙara da cewa har da zare a jiki, kuma sai da ya ɗinke mata gefen zani sannan ya miƙa mata, amma wannan ɓangaren ba kowa ke yarda da shi ba. Abin da kowa ya shaida shi ne bai taɓa isa makaranta a kan lokaci ba. Tafiyar minti goma sai ya yi ta a awa guda, ya iso aljihunsa na kacau-kacau: noti, marfin kwalba, rabin makulli, lanƙwasasshiyar ƙusa. In Gwaggo za ta wanke wandonsa sai ta kira mutum biyu sun kama mata.

Da ya girma, Allah ya dube shi ya ba shi aikin da ba a ɗaga kai, ofishin ruwa suka ɗauke shi. Shekara ashirin da bakwai yana haƙa rami, yana binne bututu, bayan shekara goma ya koma ya tono abinsa. Garin nan ta ƙarƙashi ya san shi. In ka tambaye shi kwatancen gidan wani, ba zai ce maka bayan asibiti ko gaban kasuwa ba. Sai ya ce, "Ai nan ne inda mai inci huɗu ya yi kwana ya haɗu da mai inci biyu." Ka yi ta tsayuwa kana jiran sauran bayanin, shi kuwa ya gama.

A ofishin nasu akwai wata tsohuwar na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa, wadda babu mai jin yarenta sai shi. Ranar da ya yi ritaya, sauran abokan aikinsa agogon bango aka ba su. Shi ya ce ya gode, yana da agogo, in ba za a ga rashin kunyarsa ba a ba shi tsohuwar nan da aka jingine a bayan ƙofar sito tun da sabuwa ta zo. Shugabansu ya yi dariya ya ce ya ɗauka, ya rage musu shara.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, sanda ce doguwa. A ƙasanta akwai faifai mai faɗin murfin tukunya, shi ake yawo da shi a kan ƙasa, dama da hagu, kamar mai shara a ɗakin da jariri ke barci. A samanta, daidai wajen riƙo, an ɗaure wani akwati mai girman rabin bulo, cikinsa batir takwas, kansa wani abin murɗawa mai lamba ɗaya zuwa goma, wanda ke ƙara mata kaifin ji. Waya ta taso daga faifan ta nannaɗe sandar ta shiga akwatin, wata kuma ta fita ta tafi kunne. In faifan ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi kuka. Ni duk kukan ɗaya nake ji. Shi kuwa ya rantse kukan ƙusa daban, na bututu daban, zinare kuma ƙasa-ƙasa yake magana kamar mai jin kunya. Abin murɗawar nan a kan huɗu ya tsayar da shi tun yana ofis, har ya ɗiga masa jan fenti a wurin, kuma ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba.

Da wannan sandar ya buɗe sabuwar rayuwa. Magina ba sa kafa diga sai ya zo ya ce musu, "Nan kar ku taɓa." Masu katako kan kira shi ya duba gungume kafin zarto ya ci karo da ƙusa. Direban da makullinsa ya faɗa yashi, matar da ɗan kunnenta ya zame a wajen shanya, duk gidansa suke nufowa. Abin da ya tsinta bai san mai shi ba kuwa, ba ya sayarwa, ba ya zubarwa. Gwangwanin madara yake sa shi, ya liƙa takarda mai kwanan wata da wurin da ya samo shi, ya jera a kan kanta. Ni na ƙirga gwangwani talatin da huɗu, ko da yake in ina ba da labari a waje ɗari uku nake cewa. A ƙarƙashin kantar nan keken ɗinkin matarsa yake, don tela ce, kayan mata take ɗinkawa. Ni Matarmu nake ce mata, ita kuma takan ce in ita matata ce in kawo cefane.

Shekara tara yana haka. Sai kafaɗar dama ta fara magana.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya dai koma shan shayi da hagu, ya daina sa riga mai shiga ta ka. Ni ne na gane, kuma ta hanyar da ta dace da ni. Duk sanda na ce masa, "Sannu da haska unguwa," ina kallon sanƙon, yakan kai mini duka a ƙeya, shekara arba'in ba fashi. Ran nan na faɗa, na miƙa ƙeyata ina jira. Hannun ya taso, ya tsaya a rabi, fuskarsa ta yamutse kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa. Dukan bai iso ba. Wallahi ban taɓa kewar duka ba sai ranar.

Babbar 'yarsa nas ce. Sunan Gwaggo aka sa mata, don haka Mamana yake kiranta, ita kuma ta ɗauki sunan da gaske. Ta tasa shi gaba har wajen likita. Likita ya murɗa hannun nan, ya ɗaga, ya sauke, ya ce jijiyar kafaɗar ta ci wuya, in ya ci gaba da lilo da nauyi kullum, nan gaba ko cokali ba zai kai baki da hannun ba. Daga asibiti ba ta tsaya ko'ina ba sai gidansa. Ta ɗauki na'urar, ta kai gidanta, ta kulle a cikin kabad.

Mako uku Tsintau yana zaune a kan benci a ƙofar gida. Masu nemansa suna zuwa, yana ba su haƙuri. Ya samo wani guntun maganaɗiso ya ɗaura wa zare, yana bin tsakar ɗaki yana tsince allurai da fil ɗin Matarmu, har ta fara zubar da su da gangan don ya samu abin yi. Ta ce mini, "Aku, mutumin nan ko rabin kofi ba ya shanyewa. In ka zo ka riƙa tsokanarsa, ko ya yi fushi ya ji daɗi." Na yi iya yina. Na ce masa ya zama kamar kujerar da aka manta a waje bayan taro. Sai ya ce, "Haka ne." Mutumin da ka tsokana ya ce maka haka ne, ai ciwonsa ya yi nisa.

Wata safiya ina tare da shi a bencin, motar haya ta tsaya a bakin titi. Kwandastan ya diro, wata 'yar jaka ɗaure a ƙugunsa, hannuwansa biyu a sake yana dukan jikin mota. Tsintau ya ƙura masa ido har motar ta ɓace.

Ya ce, "Aku, nauyin nan a ina yake?"

Na ce, "A tumbinka."

"Rufe mini baki. A sandar yake ko a akwatin?"

Kafin in ba shi amsa ya zura takalmi. Na bi shi har gidan Nas. Ya zauna a bakin kujera kamar mai neman aiki, ya yi mata bayani: sandar da faifan ba su fi tsintsiya nauyi ba, akwatin da batir ɗinsa ne suka cinye masa kafaɗa. In aka kwance akwatin aka sa shi a jaka a ƙugu, hannu ya huta ke nan.

Ta ce, "Baba, likita cewa ya yi ka daina."

"Mamana, cewa ya yi in daina lilo da nauyi. Bai ce in daina lilo ba. Aku, ba haka ya ce ba?"

Ni ban je asibitin ba, amma na ce da kunnena na ji.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da take wa masu cewa sun sha magani alhali yana ƙarƙashin filo. Sannan ta ɗauko makullin kabad ɗin. Ta ce, "Mako biyu. Asabar ta sama zan zo da kaina in ga kana aiki da ita. In hannun ya yi ciwo, ko dabarar ba ta yi ba, masu sayen tsohon ƙarfe zan ba, kuma ba za ka san wane ne ba, balle ka bi shi."

Washegari muka kai ta shagon Injiniya, mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ba ya gaisawa da kai sai ya gama busa hayaƙin dalma. Noti huɗu ne suka riƙe akwatin, minti biyu ya kwance su. Sai ya ce wayar ba za ta kai ƙugu ba, dole a yanke a yi mata ƙari, ya jawo almakashi. Tsintau ya cafke wuyan hannunsa da hagu, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Ka yanke ta, ni ka yanka."

Ya zauna a ƙasa ya shiga warware wayar da ke nannaɗe a jikin sandar, zagaye bayan zagaye, yana lallashinta don ta shekara talatin a lanƙwashe. Da ya gama, ashe ta fi shi tsawo. Injiniya ya sosa kai ya ce shi ma abin da yake shirin cewa ke nan. Suka ɗaure ɓangaren ƙasa a jikin sandar da baƙin tef, don in waya na reto kusa da faifan sai na'urar ta ɗauka ƙarfe ta gani. Tsintau ya ɗaga sandar da yatsa biyu. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya yi wata 'yar dariya da rabona da jin ta tun kafin asibiti.

Saura jaka, wannan kuwa aikin Matarmu ne. Ta samo tsohon wando mai kaurin yadi, ta auna akwatin tsawo da faɗi, sannan ta ce ya miƙe ta auna ƙugunsa don ɗamarar. Rabonta da gwada shi tun suna da yaro ɗaya. To, a nan ne bakina ya yi aikinsa.

Na ce, "Matarmu, tef ɗaya ba zai zagaye shi ba. Aro na maƙwabta a ƙulla. In kin tafi ta baya ki ɗauki ruwan sha, tafiyar da nisa."

Tsintau ya ja numfashi, ƙirji ya taso, tumbi ya shige ciki kamar kunkuru ya ga ƙafa. Idanunsa suka firfito. Ta zagaya tef ɗin ta karanta, "Talatin da takwas." Ya kalle ni da alfahari, ya fita tsakar gida da sauri, na ji shi yana tari.

Jakar ta yi kyau, ba ƙarya. Baki a buɗe ta sama, yadda abin murɗawar zai kalli sama, ga ƙofa a gefe don wayoyi. Sai dai da ya zo ɗaurawa, ɗamarar ta ƙi haɗuwa a cibiya. Ya juya mana baya, ya zame ta ƙasa, can ƙarƙashin tumbi inda duniya ta ɗan tsuke, ya ɗaure, ya saki riga a kai. Ya ce, "Daidai. Kamar da ita aka haife ni."

Aikin farko gidan wani tsohon Hedimasta ne. Bututu ya fashe a tsakar gidansa, ruwa na ta tsattsafowa kwana biyar, kuma babban makullin da za a rufe ruwan ya ɓace tun shekarun da aka zuba ƙasa aka yi lambu a kansa. Mai gyaran famfo ya ce in ba a gano shi ba, ranar Asabar zai fasa simintin tsakar gidan gaba ɗaya. Hedimasta mutum ne mai son lambunsa, kowane tumatir ya san sunansa.

Da farko abin sha'awa. Tsintau na tafe yana lilo da sanda da 'yan yatsu kamar mai kaɗa sandar gayu. Na'urar ta yi ɗan kuka, ya sunkuya ya tona da yatsa, marfin kwalba ne. Ya miƙe. Daga nan fa ta haukace. Taku ɗaya kuka, taku biyu kuka, ya nufi gabas kuka, ya ɗaga faifan sama yana kallon gajimare, nan ma kuka. Ya zaɓi inda ya fi ƙarfi, ya kafa shebur da hagu yana taka shi da ƙafa. Babu komai. Ya matsa, ya sake tonawa. Babu komai. Kafin rana ta take, rami goma sha ɗaya ya haƙa. In kun ji na ce arba'in a wani wuri, da na zuciyata na haɗa.

Hedimasta ya tsaya hannu a baya, yana kallon tumatir ɗinsa a kwance. Ya ce, "Malam, makullin ruwa na ce ka nemo mini. In kaburbura nake so, da na faɗa." Sannan ya raka mu har ƙofa da ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo.

Muka koma wajen Injiniya. Tsintau ya kwance jakar ya ɗora akwatin a tebur. Abin murɗawa na nan a kan jan fentinsa. Aka gwada da ƙusa, ta yi kuka ɗaya mai kyau. Aka cire ƙusar, ta yi tsit. Sau uku muna zuwa cikin kwana huɗu, an sake batir, an sake tef, kullum a tebur lafiya lau, a jikinsa hauka. Injiniya ya gaji ya ce, "Na'urarka ƙalau take. Sai dai a duba mai ita."

A hanyar gida Tsintau ya tsaya a gindin wata bishiya. Ya ce, "Aku, ko dai ba hannun ne kaɗai ya tsufa ba? Wataƙila kukan nan a cikin kaina yake." Na buɗe baki, na lalubi ko'ina, ban samu abin tsokana ko ɗaya ba. Ranar Laraba ce. Saura kwana uku Nas ta zo.

Alhamis da hantsi na leƙa gidan, na tarar da Matarmu a wajen shanya, ta jera singiletinsa huɗu a igiya tana kallonsu kamar mai karanta jarida. Kowacce da wani baƙin tabo mai lanƙwasa a ƙasan ciki, wuri ɗaya, kuma sabulu bai fitar ba. Ta ƙwala masa kira.

"Baban Nas, ɗauro jakar nan ka zo."

"Me kuma za a yi da ita?"

"Ka dai zo."

Ya fito yana jan ƙafa. Ta ɗage rigarsa, ta zaro allin da take zana yadi da shi daga bayan kunne, ta goga wa abin murɗawar har ya yi fari fat. Ya ce kar ta taɓa masa lamba, ta ce bakinsa kawai take shafawa. Sannan ta jefar da almakashinta a ƙasa.

"Ɗauko mini."

Ya sunkuya. Ni da nake tsugune a gefe na ga abin da idona. Tumbin nan ya gangaro a hankali kamar buhun gari ya zame daga kan kura, ya kwanta a kan akwatin, ya murɗa. Da ya miƙe, ga farin layin alli a singileti, daidai kan tsohon tabon. Matarmu ta leƙa ƙarƙashi, don shi ba ya iya hangowa daga sama.

"Lamba nawa ka ce kake sa ta?"

"Huɗu."

"To, tana tara."

"Ba zai yiwu ba! A tebur kullum huɗu nake gani."

"Kwance mu gani."

Ya ja ciki ya fizge ɗamarar ta gefe yadda ya saba, akwatin ya gogi tumbin a hanyar fita, abin murɗawa ya koma kan jan fentinsa lafiya lau, kamar ɓarawon da ya mayar da kaya kafin masu gida su dawo.

Wallahi na yi dariya har na kwanta a kan siminti. Na ce shekara ashirin da bakwai ofishin ruwa ba su samu wanda ya isa ya taɓa lambar nan ba, ashe maƙiyin a gida yake, tare suke cin abinci. Tsintau ya tsaya da jaka a hannu, yana kallon cikinsa kamar yau aka gabatar masa da shi. Sai ya ce a hankali, "Ke nan kunnena ƙalau." Ya sake faɗa, da ƙarfi wannan karon.

Matarmu ta ɗauko tef. "Ranar nan na ga ka riƙe numfashi, na tausaya maka na ƙara inci biyu ban faɗa ba. Ban san rabin mutum ka ɓoye mini ba. Tsaya nan. Saki."

"Na saki."

"Saki duka."

"Aku ya fita tukuna."

"Aku ba inda za shi, shi ya jawo. Saki."

Ya rufe ido ya saki. Tef ya ce arba'in da shida. Na yi niyyar magana, ta nuna ni da almakashi, na haɗiye.

Kafin la'asar ta ɗinka sabuwar ɗamara mai tsawo da faɗi, ta mayar da jakar gefen hagu, kan ƙashin ƙugu, inda tumbi ba shi da iko. Ta ɗauko murfin robar ajiye sabulu, ta huda gefensa da zazzafar allura, ta ɗinke shi a bakin jakar ya zama marfi mai tauri a kan abin murɗawar. Ta sa shi ya sunkuya sau ashirin a tsakar gida, ni ina ƙirgawa, ita tana leƙawa. Huɗu ba ta motsa ba.

Asabar da sassafe Nas ta iso da kayan aikinta a jiki, daga asibiti take. Tsintau ya ce ba a tsakar gida za a yi gwajin ba, gidan Hedimasta za mu. Muka tarar mai gyaran famfo har ya jingine guduma a bango. Hedimasta ya gan mu, ya dubi sauran tumatir ɗinsa, ya yi ajiyar zuciya.

Tsintau ya ce, "Ranka ya daɗe, rami ɗaya. In ban same shi ba, ga guduma can."

"Ɗaya?"

"Ɗaya."

Nas ta duba agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta harɗe hannu. Ya fara daga bakin ƙofa, a hankali, dama da hagu. Na'urar ta yi ɗan kuka, ya ce, "Ƙusa," bai ko tsaya ba. Ta sake yi, ya ce, "Waya." Ya bi ta tsakanin ramukansa na ran nan bai kalle su ba. Idon Nas ba a kan faifan yake ba, a kan kafaɗarsa yake da gefen bakinsa, tana jiran ya yamutse. Minti ashirin, minti talatin. Mai gyaran famfo ya fara shafa ƙotar gudumarsa. Can kusa da katanga, wajen wata tukunyar fure da ko a mafarki ba wanda zai ce nan ne, Tsintau ya tsaya. Ya bi ta kan wurin ta tsaye, ya bi ta kwance. Ya sa aka ɗauke tukunyar, ya zana da'ira da ƙafa.

Ya miƙa hannu zai ɗauki shebur, Nas ta riga shi. Ta juyo ta danƙa mini.

"Kawu Aku, bismillah."

"Ni? 'Yata, ai ni bayana..."

"Kai ka ce da kunnenka ka ji likita. To ai ka ji inda ya ce ban da tono."

Na tona. Na tona har na fara jin maganar mutanen ƙasan duniya, ko da yake su sun ce gwiwa kawai ramin ya kai. Sai shebur ya ce ƙwal! Murfin ƙarfe, ya yi tsatsa, ga makullin a ƙarƙashinsa. Mai gyaran famfo ya sa sifana ya murɗa da ƙyar, muka juya muna kallon inda ruwan ke tsattsafowa. Ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Hedimasta ya cire tabarau, ya kama hannun Tsintau da hannu biyu, ya ce a kawo shayi.

Nas ba ta ko murmusa ba. Ta ce, "Baba, ajiye sandar. Ɗaga hannu."

Ya ɗaga. Ya wuce kafaɗa, ya kai kunne, ya tsaya nan. Ta danna yatsa a kan jijiyar, tana kallon idonsa.

"Da ciwo?"

"Babu."

"Baba."

"Kaɗan. Na dā ne, ba na yau ba."

Matarmu ba ta zo ba, amma na san tana can ta tsayar da keke tana jira. Sannan Nas ta sauke masa hannun da kanta, ta gyara masa zaman ɗamarar.

"Awa biyu a rana, da safe. Shebur kuma kai da shi har abada."

"Uku, Mamana."

"Biyu."

"Biyu da rabi."

"Ɗaya da rabi."

"Biyu, biyu! Ai biyun ma albarka ce."

Ana cikin haka sai ga kan wata mata ta saman katanga, maƙwabciyar Hedimasta, ashe tun ɗazu take leƙe. Ta ce don Allah in mai na'urar ya gama, makullin shagon mijinta ya faɗa cikin tarin yashi tun jiya, sun tankaɗe rabi sun gaji. Tsintau ya juya ya kalli 'yarsa, sanda a hannu, kamar ɗan makaranta mai neman izinin fita.

Nas ta duba agogo. Ta ce, "Saura awa ɗaya da minti goma."

Ko shayin Hedimasta bai tsaya sha ba.